Kaji Ɗari Uku da Tarin 'Yar Baba

Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da nasu, bangon ma irin na gidan haya, wanda in maƙwabci ya juya a kan gado sai ka ji. Don haka babu mai ba ni labarin tarin 'Yar Baba, wata huɗu na yi ina kwana da shi. Yakan fara wajen ƙarfe sha ɗaya, busasshe, kamar ana kankare gindin tukunya. Ya ɗan lafa, ya dawo ƙarfe biyu, gab da asuba kuma ya taso gaba ɗaya har sai yarinyar ta yi amai. Shekararta biyu da rabi. Da rana in ka gan ta a tsakar gida tana bin ƙadangare, sai ka rantse lafiyarta ƙalau.

Ni tela ce, kekena a bakin ƙofata yake, duk abin da ya shiga gidan nan ko ya fita ta gabana yake wucewa. Uban yarinyar Mai Kaji muke ce masa. Ciki da falo ya kama, ya kwashe kujerun falon, ya shimfiɗa garin katako a ƙasa, ya zuba 'yan tsaki ɗari uku. Shi da matarsa da 'yarsu suka takure a uwar ɗaka, labule kawai ya raba gadonsu da kajin. 'Yan tsaki ba sa son sanyi, saboda haka da magariba ake hura musu gawayi a kasko biyu a rufe ƙofa. In suna ƙanana hayaƙi ne, in sun girma ƙura ce da warin kashi, da an sayar kuma sai a kawo sababbi. Tagar falo da ta uwar ɗaka duk ya toshe su da buhuna. Buhunan nan ni na haɗa masa su a kekena, ninki biyu, har ina cika baki cewa ko iska ba za ta ratsa ba. Har yau in na tuna sai na ciji yatsa.

Matar tasa Amarya muke kiranta, ko da yake shekararta huɗu a gidan. Wata safiya na same ta a bakin famfo tana wanke mazuban ruwan kaji, idanunta jajur.

"Amarya, jiya ma yarinyar nan ba ta runtsa ba."

"Wallahi Yaya, ni ma haka. Ya ce sanyi ne, ya sayo mata maganin tari a kemis."

"Kwalba ta nawa ke nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta uku. In ta hana shi barci sai ya ce in ƙara mata cokali ɗaya."

Maganin ba ya tsayar da tarin, kayar da yarinyar kawai yake yi. Ta wuni tana layi, ta yi barci da abinci a baki. A ranar na shiga ɗakin nasu da sunan kai wa Amarya ɗinkinta. Ban yi minti biyu ba idanuna suka fara ruwa, wari ya tsaya mini a maƙoshi. A kan matashin yarinyar har da 'yan gashin kaji.

Da yamma na tare Mai Kaji. Mutum ne mai fara'a, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, ba za ka taɓa jin ya ɗaga murya ba.

"Haba Anti," in ji shi yana dariya, "wane yaro ne ba ya tari? Mu ma da shi muka girma. Da kajin ne, ai da ni zan fara, ni da nake wuni a cikinsu." Ya ɗaga yarinyar sama ya cafe. "Ko ba haka ba, 'Yar Baba?"

Ta yi masa dariya, dariyar ta zarce tari, ya sauke ta ya shige wurin kajinsa.

Ran Talata na rufe kekena na ja Amarya zuwa asibitin unguwa. Nas ɗin da muka samu gajera ce mai saurin baki, amma ta san aikinta. Ta ɗora abin sauraro a ƙirjin yarinyar da bayanta, ta daɗe tana ji, sannan ta shiga jero tambayoyi. Tana zazzaɓi? Ta rame? Akwai wani babba a gida mai tsohon tari? An yi mata duk alluran rigakafi? Ta taɓa shaƙe wani abu, ɗan maɓalli ko ƙwaya, tarin ya fara daga nan? Majina na toshe mata hanci in ta kwanta? Abinci na taso mata? Amarya na amsawa, nas na kawar da su ɗaya bayan ɗaya.

"To, me ke ɗakin da take kwana? Akwai mai shan taba? Maganin sauro na ƙonawa? Danshi a bango?"

Amarya ta dube ni. Na ce, "Faɗa mata, ko ni in faɗa."

Da nas ta ji kaji ɗari uku da gawayi da taga a toshe, sai ta ajiye biro.

"Baiwar Allah, tarin da ya wuce wata guda ba sanyi ba ne. Ƙirjin 'yarki fito yake yi, hanyoyin iskarta sun tsuke, alamar asma ce. Da rana tana waje tana shan iska, da dare ku kulle ta da hayaƙi da ƙura, ina za ta samu numfashi? Gawayi a rufaffen ɗaki ma kaɗai yana iya kashe ku duka kuna barci. Maganin kemis ɗin nan ki zubar, ba a ba yaro kamar wannan. In maƙogwaronta ya bushe ki ba ta ruwan ɗumi da ƙaramin cokali na zuma, tunda ta wuce shekara. Amma maganin gaske shi ne kajin su fita, ko ita ta fita."

Ta kawo abin shaƙa, ta ɗauko gorar ruwa ta roba ta huda gindinta daidai bakinsa, ta nuna wa Amarya yadda za ta fesa a cikin gorar yarinyar ta ja a hankali. Sannan ta sa yatsa a ramin wuyan yarinyar. "In kika ga nan yana lotsawa, ko haƙarƙarinta na shiga ciki, ko leɓenta ya sauya launi, ko ta kasa shan ruwa, kar ki jira gari ya waye. Ki kwaso ta."

Mun dawo da murnarmu, kamar an gama. Ashe ba a fara ba.

Mai Kaji ya saurari bayanin yana auna wa kaji abinci. "Su fita su koma ina? Ita nas ɗin za ta ba ni wuri? Kajin nan su ne cinmu, su ne kuɗin ɗakin nan."

Gaskiya ne su ne cinsu, ban ƙi ba. Amma akwai fili a bayan gida inda muke shanya, mai gidan ya ce a yi keji a wurin ba ya so a biya shi komai. Direba, mai tasin da ke ɗakin ƙarshe, ya ce yana da tsofaffin kwanon rufi zai ba shi kyauta. Mai Kaji ya ce akwai ɓarayi. Aka ce a sa kwaɗo, ya ce akwai mage. Aka ce a sa waya, ya ce bari dai a sayar da wannan zubin. Aka sayar da zubin, washegari aka kawo wani.

A satin ne Inna, mahaifiyarsa, ta zo kwana biyu. Tana ganin abin shaƙa ta saki salati.

"Wa ya ce ku ɗora wa jikata wannan masifa? In aka fara shi ba a dainawa, har ta mutu tana yawo da shi a jaka. Wa zai auri mai asma? A danginmu babu mai ita, sai dai in daga wajenku aka kwaso."

"Inna, nas ta ce..."

"Nas ta haifi nawa? Ni tara na haifa. Haƙori take yi, shi ke kawo tari. Ki shafa mata man zafi a ƙirji, ki lulluɓe ta da kyau, ki daina yi mata wanka da yamma. Ku 'yan yanzu miji na fafutukar nema muku, ku kuna neman hanyar da za ku karya shi."

Da za ta tafi ta ƙulle abin shaƙar a bakin zaninta ta tafi da shi. Gorar kuwa bayan kwana biyu na gan ta a hannun Mai Kaji. Ya yanke ta a karkace, yana ɗiban abincin kaji da ita. Ya ce ta yi daidai awo.

Daga nan yarinyar ta fara sauka. Ta daina bin ƙadangare. Ta zo ta zauna kusa da kekena tana tattara ƙyallaye, in ta tashi ta yi taku goma sai ta tsaya ta dafa bango. Ƙasan idanunta ya yi baƙi. Rigar da na ɗinka mata da ƙyar take shiga wata biyu baya, yanzu kafaɗar na zamewa. Ba ta iya kwanciya miƙe, sai Amarya ta jingina da bango ta ɗora ta a ƙirji, a haka suke kai asuba, kuma duk bayan awa biyu Amarya ta ajiye ta ta je ta ƙara wa kaji gawayi, domin maigida ya gaji da aikin rana.

Wani dare na ce ta kawo mini ita. Na buɗe tagata, na shimfiɗa mata a gadona. Ta yi tari sau uku zuwa huɗu, ta yi barci har da munshari. Na zauna ina kallonta, haushi da daɗi sun haɗu sun cika mini ciki. Da safe na ce wa Mai Kaji, ga shaida.

Fara'ar ta ɗauke a karon farko. "Anti, ina ganin girmanki. Ina da ɗakina, a ce 'yata na kwana ɗakin mutane kamar marainiya? Me za a ce da ni a gidan nan?"

"Me ake cewa yanzu da kowa ke jin tarinta?"

"Tari ba abin kunya ba ne."

Amarya ta gwada nata. Cikin dare ta janye buhun tagar uwar ɗaka ta buɗe kaɗan. Da safe aka tsinci 'yan tsaki biyu a mace, abin da ake samu a kowane zubi ko an buɗe taga ko ba a buɗe ba. Bai zage ta ba, bai taɓa ta ba. Ya ajiye matattun a kan tabarma a gabanta, ya ari guduma wurin Direba, ya kafe tagar da ƙusa shida. Ina zaune ina ƙirga bugun.

Ita ma Amaryar na ji haushinta, ba zan ɓoye ba. Tana da yaya namiji a can ƙarshen gari, amma kullum sai ta ce, "Yaya, in na tafi za a ce na kashe aurena a kan kaji." Ni ma da nake wannan surutu, me na yi? Na koma kan kekena.

Abin da ya tashe ni a wani daren Alhamis shiru ne. Ƙarfe biyu ta wuce ban ji tarin ba. Kafin in sauko daga gado Amarya na dukan ƙofata da tafin hannu. Na haska yarinyar da fitilar waya. Ramin wuyanta na lotsawa har ka sa yatsa, haƙarƙarinta na shiga suna fita, leɓenta ya yi toka-toka. Ba ta da iskar da za ta yi tari ma, ballantana kuka. Idanunta kawai ta zuba mana.

Direba ya fito ba ko riga ya tayar da mota. Mai Kaji na tsaye a bakin ƙofarsa da mafici a hannu.

"Ku yi gaba, ina nan tafe. Waɗannan sabon zubi ne, kwanansu uku, in wutar nan ta mutu kafin asuba duk sun tafi."

Direba ya dube shi, ya tofar da yawu, ya ja mota.

Kwana uku yarinyar ta yi a asibiti da robar iska a hanci. Mai Kaji ya iso ƙarfe goma na safe da ledar lemo, ya tsaya a kanta har da ƙwalla, ya ce, "Sannu 'Yar Baba," ya duba agogo ya ce lokacin ba su ruwan magani ya yi. Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya da wani zancen ake yi. Ya ba da sabon abin shaƙa, ya ce kar a mayar da ita ɗakin nan. Amarya ta faɗa wa mijinta. Ya ce likitoci ai sai sun faɗi wani abu, kuma Allah ne ke rayawa. Ranar da aka sallame ta, a ɗakin ta kwana. Tarin ya dawo a dare na biyu.

Bayan kamar kwana goma, da sassafe, na ji Mai Kaji yana waya a tsakar gida, muryarsa na rawa.

"Dokta, don Allah ka zo yanzu. Tun ƙarfe huɗu nake jin su, wasu na atishawa, wasu ƙirjinsu na ƙara. A'a, ba zai jira yamma ba."

Mutumin da ya yi wata huɗu yana barci a kan tarin 'yarsa, atishawar ɗan tsako ta tashe shi. Kafin ƙarfe takwas likitan dabbobi ya iso a babur. Ya leƙa falon ya ja da baya yana toshe hanci.

"Malam, kashe su kake son yi? Ina iska za ta shiga? Wannan garin katakon ya jiƙe, warinsa ke ƙona musu ƙirji, ga hayaƙi. Buɗe tagogin nan, kwashe shimfiɗar, fitar da kaskon nan waje."

Maganar nas ce, kusan kalma da kalma. Ban ji an ce ɓarayi ba, ban ji an ce mage ba, ban ji an tambayi likitan kaji nawa ya haifa ba. Mai Kaji ya ruga ya ari guduma. Ƙusa shidan nan da idona na ga ya zare su, ya yayyage buhunan da na ɗinka, ya shiga kwasar garin katako da shebur yana zufa. Cikin awa ɗaya iska na kaɗa labulen ɗakin.

Ƙurar da ya tayar ta sa 'Yar Baba ta sarƙe da tari a bayan uwarta. Likitan ya juyo.

"Yarinyar nan a nan take kwana? Ai ita ya kamata..."

Mai Kaji ya katse shi, idanunsa a waje. "Dokta, tsaya. Ko ita ta sa musu?"

"A'a, ba haka..."

Bai tsaya jin sauran ba. "Amarya, ɗauke ta daga nan. Kai ta ɗakin Anti, ta zauna can har su warke. Anti, don Allah ki taimaka."

Na karɓe ta. Abin da na roƙa aka ce mini abin kunya ne, yau ga shi ana roƙona, don kar kaji su kamu.

Sati huɗu suka yi a ɗakina ita da uwarta. Muna ba ta abin shaƙa yadda likita ya ce, a sabuwar gora da na ɓoye a cikin akwatin zarena. A sati na farko tarin ya koma sau ɗaya ko biyu a dare. A na biyu ta fara cinye abincinta tana neman ƙari. A na uku ta fasa mini madubi garin guje-guje, ban taɓa jin daɗin ɓarna irin wannan ba. Kullum da safe Mai Kaji zai leƙo da fara'arsa ya ba mu rahoto: jiya ko kaza ɗaya ba ta yi atishawa ba, sun fara cin abinci, sun yi nauyi. Ko sau ɗaya bai ce yaya 'yarsa ta kwana ba.

Aka sayar da kajin ran Asabar. Amarya ta wanke ɗakin da sabulu, ta shanya katifa, ta ce mini ya yi alkawarin wannan karon zai yi keji a baya. Ran Litinin da hantsi sai ga shi ya shigo da kwalaye shida a kan babur, 'yan tsaki na ta tsiwa a ciki. Kwalayen duk an huhhuda su. Ya sauke su a inuwa ɗaya bayan ɗaya, yana bin ramukan da yatsa yana buɗe waɗanda suka toshe, don kar numfashinsu ya ɗauke kafin a shiga da su. Sannan ya zo wurina da sababbin buhuna.

"Anti, a haɗa mini kamar na da. Sati biyu kawai, in sun yi gashi sai a buɗe."

Na ce, "Ɗauke su daga kan kekena kafin in cusa maka su a baki."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya je ya ari guduma.

Amarya na tsaye da tsintsiya a hannu tana kallon kwalayen. Ba ta yi kuka ba. Ta jingina tsintsiyar, ta ari wayata ta kira yayanta. Kafin la'asar ya zo da mota. Ta fito da jaka ɗaya, ta goya 'Yar Baba, na saka mata gorar da abin shaƙar a leda na ɗaura a hannun jakar.

Mai Kaji na kan kujera a jikin taga, ƙusoshi a bakinsa. Ya sauko, ya tofa su a tafin hannu, ya bi ta har bakin ƙofar gida. Yarinyar ta miƙo masa hannu daga goyo tana cewa Baba. Na yi zaton zai karɓe ta, wallahi na yi zato.

"Yanzu tsakani da Allah, Amarya," in ji shi, "in kin tafi, wa zai riƙa tashi yana ƙara musu gawayi?"

Ta gyara goyonta. "Ubansu," ta ce, ta shiga mota.

Inna ta zo washegari ta cika gidan da faɗa, ta ce an zuge mata suruka, ta ce wata tela ce mai raba aure. Na bar ta ta gama. Yarinyar tana can gidan kawunta, an ce ta yi kumatu, amma abin shaƙar na cikin jakar uwarta duk inda za su, kuma likita ya ce ba a san ranar ajiye shi ba.

Bangon nan yana nan yadda yake, ina jin komai. Yanzu agogon wayarsa na kaɗawa sha biyu, da biyu, da huɗu. Ina jin saukar ƙafarsa daga gado, ina jin mafici, ina jin yana yi wa 'yan tsaki magana ƙasa-ƙasa. Bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Ashe yana iya tashi. Wata huɗu 'yarsa na shaƙewa a gefen kunnensa, ban taɓa jin ƙafar nan ta taɓa ƙasa ba.